Darasi na Tara: Abul Ƙasim Azzahrawi, Likitan Rauni da Karaya

Manufar darasi

Idan ɗalibi ya kai ƙarshen wannan darasi, ana so ya san tarihin Abul Ƙasim Azzahrawi da irin hidimar da ya yi wa masu rauni, ya gane dalilin da ya sa malamin nan ya gabatar da sanin ƙirar jiki a kan riƙon aska, sa'an nan ya iya faɗin abin da ya wajaba a yi da abin da ya wajaba a bari yayin da aka sami mai rauni ko mai karaya.

Gabatarwa

Cuta takan yi sallama kafin ta shigo, domin mutum yakan ji kasala ko ciwon kai ko zazzaɓi, har ya sami damar neman magani. Amma rauni ba ya sallama. Manomin da fartanya ta sare shi a ƙafa, da yaron da ya faɗo daga kan kuka wajen ɗibar ganye, da mai huɗar da sa ya tunkuya, da ɗan kasuwar da babur ya kayar da shi a kan titin Kano zuwa Katsina wanda ya ratsa Kankiya, dukansu da lafiyarsu suka fito gida, kuma sau da yawa abin da aka yi musu cikin sa'a ta farko shi ne yake bambanta, da izinin Allah, tsakanin wanda zai tashi da gaɓoɓinsa cikakku da wanda zai rasa gaɓa ko rai. Don haka ne malamai irin su Imamu Gazali suka lissafa ilmin ɗibbu cikin farillan kifaya, watau abin da idan an rasa mai tsayuwa da shi a gari, laifi ya hau kan jama'a duka. Wannan darasi yana magana a kan ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauke wa al'umma wannan farilla, mutumin da ya rayu shekara dubu da suka wuce, amma gargaɗinsa bai tsufa ba.

Ƙasarsa da zamaninsa

Cikakken sunansa Abul Ƙasim Halaf bin Abbas Azzahrawi, kuma an haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya a ƙasar Andalus, wadda a yau mafi yawanta yake cikin Sifen. An jingina shi ga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku, mai laƙabi Annasir, ya fara ginawa kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Andalus ba baƙuwa ba ce ga almajiran ƙasar Hausa, ko da ba su taɓa ganinta a taswira ba, domin mutanenta mazhabar Imamu Malik suka bi kamar yadda muke bi, kuma Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a zaurukanmu, mutumin Ƙurɗuba ne, haka nan Alƙurɗubi mai tafsiri.

Azzahrawi ya tashi ne a lokacin da Ƙurɗuba ta kai ƙololuwar ɗaukakarta, musamman a zamanin Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarkin da ya shahara da aika manzanni Misra da Bagadaza su sayo masa littattafai, har taskarsa ta zama abin kwatance. A cikin wannan yalwa ta ilmi ya karanta abin da aka fassara na likitocin Yunan, irin su Abuƙraɗu da Jalinusu da Bulus, da abin da likitocin Musulmi na gabas, irin su Arrazi, suka rubuta, kuma masu tarihi sun ambata cewa ya yi wa fadar Alhakam aikin likita. Sai dai Andalus ƙasar iyaka ce, yaƙi ba ya yankewa tsakaninta da masarautun arewa, saboda haka waɗanda ake kawo masa ba masu ciwon ciki da masassara kaɗai ba ne, har da wanda kibiya ta nutse a fuskarsa, da wanda aka soka da wuƙa, da wanda doki ya kayar ya karye. Ya yi tsawon rai har ya ga fitinar da ta wargaza halifancin, wadda a cikinta aka washe Madinatuz Zahra a 1010, sa'an nan ya rasu wajen 1013. Ibn Hazm, babban malamin Ƙurɗuba, ya lissafa shi cikin manyan likitocin Andalus, ya kuma yabi littafinsa.

Littafin Attasrif

Bayan ya shafe kusan shekara 50 yana duba marasa lafiya yana karantar da almajirai, sai ya tattara abin da ya karanta da abin da idonsa ya gani cikin littafi guda mai suna Attasrif, wanda ya kammala wajen shekara ta 1000. Littafin yana da maƙala 30, mafi yawansu a kan cututtuka da haɗa magunguna, amma ta ƙarshe, wadda ya keɓe wa aikin hannu, watau fiɗa, ita ce ta sa sunansa ya game duniya. Ya kasa ta babi uku: na farko mai fasali 56 a kan lalas da sakiya, na biyu mai fasali kusa da 100 a kan tsaga da ƙaho da ɗinkin rauni da cire kibiya, na uku mai fasali 35 a kan ɗorin karaya da gyaran gocewar ƙashi. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne, ya zana siffar kayan aiki kimanin 200 a cikin littafin, askake da almakasai da hantsakai da allurai da zartunan ƙashi, domin almajirin da ke nesa ya kai wa maƙeri zanen a ƙera masa. Yana kiran almajiransa 'ya'yansa, kuma bai manta da mata ba, domin ya yi bayanin yadda za a koyar da ungozomomi abin da ya shafi haihuwa mai gardama.

Dalilin da ya sa ya rubuta

A farkon maƙalar ya koka da cewa aikin fiɗa ya lalace a ƙasarsa, malamai sun ɗauke hannu daga gare shi suna ganin ƙasƙanci ne, jahilai kuwa sun rungume shi ba tare da sanin inda jijiya ta bi ba. Ya kawo misalai na abin da ya gani da idonsa. Wani ya tsaga kumburi a wuyan wata mace, ya yanke jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Wani kuma, wanda yake karɓar albashi a wurin wani sarkin yaƙi, aka kawo masa yaron gidan sarkin da ya karye kusa da diddige, ga kuma rauni a kan karayar; sai ya jera karan ɗori a kan raunin ya ɗaure tamau, bai bar ƙofar da ruwan ciwo zai fita ba, ya hana a kwance, har ƙafar ta kumbura yaron ya kai bakin halaka. Da aka kira Azzahrawi ya gaggauta kwance ɗaurin, zafin ya lafa, amma ruɓa ta riga ta kama gaɓar, ta yi ta hawa har yaron ya cika.

Daga waɗannan misalai ya fitar da hukuncin da ya gina littafin duka a kansa, cewa bai halatta mutum ya sa ƙarfe a jikin ɗan Adam ba sai ya san ƙirar jikin nan, ƙasusuwansa da gaɓoɓinsa, da mabiyar jijiyoyi masu bugawa da marasa bugawa, da inda kowace ta fito da inda ta nufa. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, idan ya yi ɓarna, lamuni yana kansa.

Yadda yake tsayar da jini

Babu abin da yake kashe mai rauni da sauri kamar zubar jini, kuma a nan umarninsa na farko ba ya bukatar kayan aiki: mai taimako ya ɗora yatsa a bakin jijiyar ya danne, ya daure a kan haka har jinin ya tsaya, kafin likita ya shirya abin da zai yi. Bayan wannan ya lissafa hanyoyi huɗu, watau lalas da ƙarfe mai zafi, ko raba jijiyar biyu idan ba ta gama yankewa ba domin bakunanta su tsuke, ko ɗaure ta da zare mai ƙarfi, ko sa magani mai tsayar da jini a naɗe wurin. Ɗaure jijiya da zare har yau shi ne abin da likitocin tiyata suke yi, lalas kuwa ya koma na wutar lantarki. Shi ne kuma ya ba da labarin wani ƙauye da mazajensa suke mutuwa saboda ɗan ƙanƙanin rauni, jininsu ba ya daskarewa, wanda ake ɗauka bayani na farko a rubuce a kan wannan cuta ta gado.

Wuya, da ciki, da kibiya

Daga cikin labaran da ya rubuta akwai na wata kuyanga da ta yanki wuyanta da wuƙa. Da ya iso ya same ta tana kakari, ya buɗe raunin ya duba, sai ya ga jinin da ya zuba kaɗan ne, iska kuwa tana fita ta wurin yankan. Nan take ya gane maƙogwaro wuƙar ta taɓa, ba ta kai ga jijiyoyin nan biyu na gefen wuya ba. Ya ɗinke, ya yi ta jinya har ta warke, ba abin da ya saura sai ɗan dishewar murya. Ku lura, ya ku ɗalibai, cewa abin da ya amfani wannan baiwar Allah, bayan ƙaddarar Ubangiji, shi ne mai duba ta ya san abin da ke ƙarƙashin fata, saboda haka bai firgita ba, bai kuma yanke ƙauna ba.

Haka nan ya ba da labarin mutumin da aka soka da wuƙa a ciki, hanjinsa ya fito ya kwana ya wuni a waje, likitoci suka ɗebe tsammani. Shi kuwa ya mayar da hanjin ya ɗinke cikin, raunin ya haɗe cikin kwana 15 ko kusa da haka, mutumin ya rayu shekaru da dama. Ya koyar da cewa a ɗumama hanjin da ya fito da soso da ruwan ɗumi kafin a mayar, ya kuma ambaci ɗinke hanji da siririn zaren da aka yi da hanjin dabba, irin zaren da daga baya likitoci suka daɗe suna ɗinkin ciki da shi saboda jiki yana shanye shi.

Amma inda haƙurinsa ya fi bayyana shi ne wajen cire kibiya. An kira shi ga wani shugaban mayaƙa wanda kibiya ta shige ta tsakiyar hancinsa ta ɓace gaba ɗaya. Ya zura siririn ƙarfe ya lalubi bakin raunin bai taɓa ta ba, kuma maimakon ya yayyanka fuskar mutumin yana nema, sai ya sa magani ya saurara. Da kibiyar ta nuna kanta ta cikin hanci, ya riƙa faɗaɗa ƙofar kaɗan-kaɗan har tsawon wata huɗu, sa'an nan ya kama ta da hantsaki ya zare, mutumin ya warke sarai. Ta wannan ya koya wa almajiransa cewa gaggawa wajiba ce wajen tsayar da jini, amma haramun ce wajen fizge abin da ya nutse a jiki, domin mai yiwuwa abin nan shi ne ya toshe jijiyar da za ta ɓalle.

Bai kuma ɓoye inda hukuncinsa ya saɓa wa abin da ya auku ba. Ya rubuta labarin wani da hannunsa ya fara ruɓewa ya roƙe shi ya yanke, shi kuwa ya ƙi don tsoron kada ya mutu a hannunsa. Mutumin ya koma garinsu ya yanke da kansa, ya kuma warke. Ya ajiye wannan labari ne domin na baya su amfana, kuma wannan ita ce amanar ilmi.

Ƙa'idojinsa na ɗori

Babin ɗori shi ne ya fi kusa da rayuwarmu, domin babu gundumar da ba ta da gidan masu ɗori da aka sani kaka da kakanni, kuma babu mai musun cewa Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsu. Kayan aikin Azzahrawi ma ba su yi nisa da nasu ba, tun da yake da tsagin kara da itace marar nauyi da tsumma yake ɗori, ya haɗa ƙurar gari da farin ƙwai ya shafa don ɗaurin ya ƙanƙame. Bambancin yana cikin sharuɗɗan da ya gindaya. Idan gaɓa ta kumbura da zafi, a jinkirta karan ɗori har kumburin ya saɓe. Kada a tsananta ɗauri har jini ya kasa wucewa. Idan akwai rauni a kan karayar, a bar masa ƙofa a buɗe. Idan majinyaci ya koka da zafi mai tsanani ko kumburi ya ƙaru, a kwance nan take, kada a ce sai kwanaki sun cika. Hikimar wannan a fili take ga duk mai noman rani, domin idan aka toshe magudanar ruwa, fangalin da ke ƙasa bushewa zai yi. Haka yatsu suke mutuwa idan ɗauri ya hana jini isa gare su. Likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha bayyana cewa ɗaurin da aka tsananta yana daga cikin manyan dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa, watau musibar da ta sami yaron gidan sarkin yaƙin nan na Andalus ba ta daina aukuwa ba.

Yadda ilminsa ya yaɗu

A ƙarni na 12 wani malami mai suna Jirar na Kiremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara maƙalar fiɗa zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, Turawa suka riƙa kiran mawallafin Albukasis. Makarantun likita na Italiya da Faransa suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru, har babban likitan Faransa Gi na Sholiyak ya ambace shi kimanin sau 200 a littafinsa na 1363. An buga ta da injin ɗab'i a Banis a 1497, sa'an nan a Okasfod a 1778. Na baya suka ɗora a kan abin da ya bari. Larai, likitan rundunar Faransa a zamanin Nafoliyon, ya ƙago keken doki mai ɗauko masu rauni daga fagen fama, ya kuma kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani ko da shi ne ƙarami a muƙami. Daga baya aka gano maganin sa barci, da ƙwayoyin cuta, da hoton ƙashi, da ƙarin jini, abubuwan da Azzahrawi bai riske su ba, waɗanda kuma saboda su ne karayar da ƙashi ya huda fata, wadda a da take kisa, yau ake warkar da ita. A ƙasarmu an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, an kuma kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, wadda ake kira ta lamba 122.

Abin da ya hau kanmu

Ba kowa ne zai zama likita ba, amma kowane baligi a nan Sukuntuni da kewayenta yana iya zama mutum na farko da zai tsaya a kan mai rauni, kuma abin da ake bukata gare shi kaɗan ne:

1. Ya danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada ya riƙa ɗagawa yana leƙe. Idan ya jiƙe ya ƙara wani a kai.
2. Kada ya zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu ko man birki a rauni, domin ta nan ruɓa da cutar tetanus suke shiga.
3. Kada ya zare wuƙa ko ƙarfe ko itacen da ya nutse a jiki.
4. Wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a kan babur. A ɗauke shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi, wani yana tallafe da kansa.
5. Kada a ba mai mummunan rauni fura ko abinci, domin mai yiwuwa a yi masa tiyata.
6. Karayar da ke da rauni a kanta ta asibiti ce tun daga farko, kuma hoton ƙashi kafin ɗori ya fi da-na-sani bayansa.
7. Wanda aka yi wa ɗori, a riƙa duba yatsunsa dare da rana. Idan sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya daina jinsu, ko zafi ya hana shi barci, a sassauta ɗaurin a nufi Babban Asibitin Kankiya ko na Katsina a wannan sa'ar, ba a jira wayewar gari ba.

Mai ɗorin da ya tura abin da ya fi ƙarfinsa asibiti bai zubar da girman gidansu ba, sai ma ya ƙara masa, domin ya bi sunnar manyan masu wannan sana'a, waɗanda suka fifita ran majinyaci a kan sunansu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Azzahrawi, kuma wace dangantaka ce tsakanin ƙasar da karatun zaure na ƙasar Hausa?
2. Maƙala nawa ce a cikin Attasrif, kuma babi nawa aka kasa ta ƙarshe?
3. Me ya jawo mutuwar yaron gidan sarkin yaƙi?
4. Ta yaya Azzahrawi ya gane wuƙa ba ta yanki jijiyar wuyan kuyanga ba?
5. A ina gaggawa ta wajaba, a ina kuma jinkiri ya fi?
6. Kawo alamomi huɗu da ke nuna ɗori ya yi tsanani.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai rauni a dantse, ɗaya mai taimako, su gwada danne rauni da naɗe shi da rawani ko ɗankwali, malami yana duba cewa yatsa yana iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. Sa'an nan kowa ya rubuta sunan asibiti mafi kusa da unguwarsu, da sunayen mutum biyu masu mota da za a iya tasa cikin dare, ya kawo a darasi na gaba.